Ado ba ya maye gurbin labari

Da yawa cikin masoyan Doctor Who, wasan telebijin na ƙagaggen kimiyya da BBC ta soma a 1963, sun yi tsaki da zangon 2025. A ganinsu, kuɗin Disney sun ƙawata hoto, amma labari ya rame. Ga shi jarumin, Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya tafi bayan zango biyu kacal. Alhali a 2013, da aka gano kashi tara na wasan da suka ɓace a Jos, tsofaffin hotuna marasa launi, murna suka yi ta yi. Kowace tsohuwa mai gatana a Filinge ta san dalili: ba hasken fitila ke tara yara ba, wayon Gizo ne.