Maganin Gargajiya: A Raba Mai Sana'a da Mai Lasifika

Edita,

 Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan maganin gargajiya da sauran hanyoyin neman lafiya da ba na asibiti ba, kamar yadda muke ganin abin a nan Mararaban Rido, cikin ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna.

Garinmu na bakin hanya ne. Titin da ya tashi daga Kaduna ya bi ta Kujama da Kasuwan Magani ya nufi Kachia da Zonkwa da Kafanchan ta gabanmu ya ratsa, ga kuma matatar man da aka buɗe a 1980, wadda ta jawo mana direbobin tanka da 'yan kamasho da masu abinci. Inda jama'a suka taru kuwa, mai magani ba ya rasa zuwa. Za ka ga mota ta tsaya an ɗaura mata lasifika, an baje kwalabe a kan but, murya na ta shela: kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da taifot da ulsa da ciwon suga da ciwon hanta da rashin haihuwa. Direban da ya kwana zaune bayansa na ciwo ya saya, ɗan acaɓa ya saya, uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta saya. Ban ga laifinsu ba. Wanda zai je babban asibitin Sabon Tasha ko na Barau Dikko sai ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya biya gwaji, ya sayi magani, sannan ya yi asarar yinin da zai nemi na cefane. Mai kwalba kuwa ga shi a ƙofar gida, yana dariya, yana kiransa da ranka ya daɗe.

Ni ba na cikin masu cewa a watsar da maganin iyaye da kakanni. Cittar da ake nomawa a Kachia da Kwoi da Kagarko, wadda har ƙasashen waje ake fita da ita, likitoci sun gwada sun tabbatar tana rage tashin zuciya, har ga mai ƙaramin ciki. Zuma tana lafar da tarin yara, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, domin akwai ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Zoɓon da ba a cika masa sukari ba yana ɗan sauke hawan jini, ko da yake ba zai maye gurbin ƙwaya ga wanda jininsa ya hau sosai ba. Sirace yana buɗe hancin mai mura. Duk waɗannan an san abin da suke yi, an kuma san inda suka tsaya. Tsofaffin da suka koya mana su ba su taɓa cewa citta tana warkar da ciwon daji ba.

Har ma manyan magungunan asibiti da yawa daga itace suka fito. Ƙwayar maleriyar da ake ba mu yau a asibiti, asalinta ganyen tazargade ne. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, ita da abokan aikinta suka tace sinadarin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A gida ma muna da namu misali. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, haɗin da akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki, ta gwada shi a kan masu sikila, aka samu maganin Niprisan. Abin da ya ɗaga waɗannan biyun daga jiƙo zuwa magani shi ne gwaji da awo: nawa za a sha, kwana nawa, wa zai sha, wa ba zai sha ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ware 31 ga Agusta a matsayin ranar maganin gargajiya na Afirka, ita ce kuma ta gargaɗi mutane kada su dogara da shayin tazargade wajen maganin maleriya. Ƙarfin ganyen ya bambanta daga gona zuwa gona, kuma shan abin da bai kai awo ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

To, wannan awon shi ne babu a kwalbar mai lasifika, kuma mu mutanen Kaduna mun ga inda rashinsa ke kaiwa. A watan Yunin 2023 jaridar Premium Times da kafar Dubawa suka wallafa bincike a kan maganin nan da ya cika tashoshi, wanda aka fi sani da Baban Aisha. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana iya lalata ƙoda da hanta. Hukumar NAFDAC ta zo ta rufe wurin da ake haɗa shi a nan Kaduna, ta kuma bayyana cewa rajistar da ta ba shi ta daɗe da ƙarewa. Kafin ranar, kwalba nawa aka sha? Ƙoda ba ta kuka da wuri. Sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a kai mutum asibiti a ce sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuɗin da ke cinye gona da fili da babur cikin 'yan watanni.

Akwai abin da nake so masu karatu su riƙe game da lambar NAFDAC, domin da ita ake rufe mana baki. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu da harafin L take ƙarewa. Ma'anarta an duba samfurin da aka kai, ba a ga guba a cikinsa ba, aka ba shi izini na ɗan lokaci. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalbar, kuma akan rubuta hakan da ƙananan haruffa na Turanci, waɗanda mai saye ba ya karantawa, mai sayarwa kuma ba ya fassarawa. Hukumar ta sha kama magungunan ƙarfin maza da ake cewa zallar itace ne, alhali an niƙa ƙwayar asibiti an zuba a ciki. Mai ciwon zuciya ya sha irin wannan, yana iya faɗuwa nan take.

Yaudarar ba ta tsaya ga masu saiwa da sassaƙe ba, har ta sa kwat da lakataye. Yanzu akwai masu yawo da kwamfuta da wani ƙarfe da za a ce ka damƙe, cikin minti kaɗan allo ya jero maka cututtukan hanta da ƙoda da jini, sannan a miƙo maka ƙwayoyin ƙarin lafiya daga Sin ko Amurka masu ɗan karen tsada. Babu na'urar da ke gane ciwon hanta daga tafin hannu. Jini ake ɗiba a kai ɗakin gwaji.

Wanda na fi so a tsaya a kansa shi ne mai ɗori, domin shi mai sana'a ne na gaske, kuma titinmu ba ya rabo da haɗarin babur da keke da tanka. Mai ɗori ɗan gari ne. An san gidansa, an san wanda ya koya masa, gobe ma yana nan idan abu ya ɓaci. Targaɗe da karayar da ƙashi bai goce ba, da yawa suna warkewa a hannunsa, kuma majinyaci yana samun abin da asibiti ba ta cika bayarwa ba: a zauna da shi, a duba shi kullum, a karɓi abin da ya sawwaƙa. Amma akwai karayar da ta fi ƙarfin kara da tsumma. Idan ƙashi ya huda fata ya fito, ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga, sai an wanke a ɗakin tiyata. Karayar ƙugu da ta gadon baya da wadda ta shiga cikin gaɓa, hannu ba ya ganin yadda suke, sai hoto. Mafi ban tausayi shi ne ɗaurin da aka matse fiye da kima, musamman a hannun yaro. Wurin yana kumbura a ƙarƙashin karan, jini ya kasa wucewa, cikin sa'o'i kaɗan nama ya fara mutuwa. Yaro yana ihu, ana ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. Kafin a kwance yatsu sun yi baƙi. Likitocin ƙashi, har da na asibitin Dala da ke Kano, sun daɗe suna kokawa cewa irin wannan na cikin abubuwan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa a ƙasar nan, a kan karayar da filasta za ta warkar cikin makonni.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka yi sanyi ko suka dushe ko suka daina ji, ƙuraje masu ruwa a gefen ɗaurin: duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, a kwance nan take a nufi asibiti, ko tsakar dare ne. Na san akwai masu ɗorin da ba sa taɓa karaya sai an kawo musu hoto, wasu kuma da kansu suke cewa wannan ba tawa ba ce, ku wuce gaba. Waɗannan su ne ya kamata a ɗaukaka, a tara sauran su koya daga gare su. Cewa a hana ɗori gaba ɗaya magana ce ta wanda bai san ƙauyukan da ke bayan Kujama da Kajuru ba, inda mai ɗori ne kaɗai ke kusa.

Wanzami ma haka. Mai son ƙaho ya yi ƙahonsa, amma da sabuwar reza da kofin da ba a sa wa wani ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma ƙwayarta tana iya yin mako guda da rai a busasshen jini a jikin aska. Cire belun jariri kuwa ba shi da wani amfani, sai zubar jini da kamuwa da cuta.

Sai batun addu'a, wanda na san yana da tsauri a gari irin namu da masallaci da coci ke maƙwabtaka. Ba ni da ja da tofi ko ruƙiyya ko man addu'a ko azumin neman waraka. Mara lafiya yana buƙatar kwanciyar zuciya, kuma imani yana ba shi. Inda nake ja shi ne a ce wa mai farfaɗiya ko mai ciwon suga ko mai shan maganin ƙanjamau ya ajiye ƙwayarsa don ya nuna ya yarda da Allah. Malami ko fasto da ya faɗi haka ya ɗauki alhakin rai. Mun kuma ga abin da jita-jita ke yi a watan Agustan 2014, lokacin da saƙon waya ya tashi mutane da asuba su yi wanka da ruwan gishiri su sha don tsoron Ebola, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu.

Ma'aikatan asibiti su ma da nasu kason. Idan mace ta kawo ɗanta aka fara da yi mata tsawa a kan me ya sa ta ba shi dauri, gobe ba za ta faɗi gaskiya ba, jibi ba za ta zo ba. Likita yana buƙatar sanin abin da aka sha, domin wani ganyen yana karo da ƙwaya. A tambaya da mutunci, za a ji amsa.

Roƙona na farko gare ku ne, 'yan jarida. Gidajen rediyo da talabijin suna sayar wa masu magani fili su yi rabin sa'a suna alƙawarin warkar da ciwon daji da ƙanjamau, alhali doka ta ce ba a tallan magani sai da amincewar NAFDAC. Mutumin karkara yana ɗaukar abin da ya ji a rediyo tamkar hukuma ce ta faɗa. Ku nemi takardar amincewar kafin ku karɓi kuɗin talla, ku kuma riƙa bayyana wa jama'a da Hausa sunayen magungunan da aka haramta. Na biyu, ƙungiyar masu maganin gargajiya ta ƙasa, reshen Kaduna, tare da hakimai da masu unguwanni, su rubuta sunayen masu ɗori da wanzamai da ungozomomin da ke zaune a kowace gunduma, kada baƙo ya kunna lasifika a kasuwa ko tasha sai ya nuna wanda ya tsaya masa. Na uku, ƙaramar hukumar Chikun da ma'aikatar lafiya ta jiha su shirya wa masu ɗori bita a kan alamomin da na ambata, a ba su takardar tura majinyaci, a kuma rage kuɗin hoton ƙashi ga duk wanda ya zo da ita daga hannun mai ɗori.



Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Mararaban Rido, jihar Kaduna.