A Ƙirga Mamata Kafin a Yabi Magani

Wata fahimta ta zauna daram a asibitoci da shagunan magani, wai duk abin da ya sauke kitsen jini, wato kolestarol, ya kare zuciya. Likita ya duba takardar gwaji, ya ga lamba ta sauka, ya ce madalla. Wannan gaggawa ce, kuma tarihin binciken kansa ya ƙaryata ta da gawawwaki.

A 1978 aka fitar da sakamakon gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa maganin clofibrate a ƙasashen Turai. Kitsen jini ya ragu, amma masu shan maganin suka fi mutuwa. Wani zai ce tsohon zance ne. To, ga torcetrapib na kamfanin Pfizer, da aka gwada a kan mutum sama da 15,000. A takarda babu kamarsa: kitse mai amfani ya ƙaru da kashi 72 cikin ɗari, mai cutarwa ya ragu da kashi 25. A Disambar 2006 aka tsayar da gwajin. Da aka gama ƙirga, 93 sun rasu cikin masu shan sa, 59 cikin waɗanda ba su sha ba. Ashe yana tayar da hawan jini, abin da gwajin kitse ba zai taɓa nunawa ba.

Masu musu za su kawo magungunan statin, kuma da gaskiyarsu. Sai dai hujjar tasu ta fi ƙarfafa tawa. Binciken 4S na 1994 ya bi mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen Sikandinabiya, ya ƙirga waɗanda suka mutu: kashi 11.5 ba tare da maganin statin mai suna simvastatin ba, kashi 8.2 tare da shi, cikin kusan shekara biyar. Rayukan da aka tsirar ne suka wanke maganin. Ko nan ma a lura, abin da mai talla ke kira ragin kashi 30 mutum uku ne cikin ɗari, kuma ga wanda bai taɓa ciwon zuciya ba ribar ta fi haka ƙanƙanta.

Ana kuma cewa jiran irin wannan ƙidaya na cin shekaru da kuɗi. Haka ne, amma wa ke biyan kuɗin rashin jiran? An fara sayar da maganin rage kitse ezetimibe a Amurka a 2002, bisa lambar gwaji kawai. Sai 2015 babban bincikensa ya fito: matsalolin zuciya sun ragu daga kashi 34.7 zuwa 32.7 cikin shekara bakwai, yawan mamata kuwa bai canja ba.