Zancen Daji: Darma ba ta tsayawa a jikin barewa

An ɗaure hatsi an sa rumbu, iskar ɗari ta taso, maharba kuma sun fara shafa wa bindigoginsu mai. Shi ya sa zancenmu na wannan wata a kan harsashin darma ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman in akwai bindiga a gidansa.

Maharbi yana son darma don tana da nauyi, tana da taushi, kuma ba ta da wuyar narkewa. Garwashin murhu ya isa ya narkar da ita. Wasu suna fasa tsohon batirin mota su ciro ta, su narke a gwangwani, su zuba harsashi daidai bakin bindigarsu. Aikin ba shi da tsada. Amma darma dafi ce, kuma tun kafin ta kai ga barewa ta fara aiki a cikin gida.

In ana narka ta, hayaƙinta yana shiga ƙirji, ƙurarta tana sauka a ƙasa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasar, ya kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba shan darma. Tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, tana rage masa jini, tana sa ciwon ciki. In ta yi yawa sai jijjiga da suma, har mutuwa. In kaɗan ce ba a ganin kome, sai an sa shi lakwal a ga karatu ya ƙi zama. Mace mai ciki kuma tana ba ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani awon darma a jini da za a ce ba shi da illa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Zamfara, yara wajen 400 suka mutu. Ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ashe akwai darma a dutsen. A Thiaroye kuma, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, a unguwar da ake fasa tsoffin batura. Darmar batir ɗin nan ita ce maharbi ke zubawa a gwangwaninsa.

Wanda ya ce lalle sai ya zuba harsashi, to ya fita bayan gari, ya ba iska baya. Kada yaro ko mai ciki su matso. Kada ya taɓa tukunya ko ludayin abinci. Kada ruwa ya ɗiga cikin narkakkiyar darma, don tana fashewa ta watsu a fuska. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aikin. In ya gama ya wanke hannu da sabulu, ya sake riga kafin ya ɗauki ɗansa. Harsashin kuma a ɓoye shi, kada ya zama abin wasan yara.

Sai maganar nama. Harsashin darma in ya bugi ƙashi yana marmashewa. Ɓarɓashin ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jinsu. Wuta ba ta kashe darma yadda take kashe tsutsa. Abu mai tsami, kamar tsamiya ko yakuwa, ƙara narkar da ita yake cikin miya. Don haka a yanke naman da ke kewaye da raunin, faɗin tafin hannu ko fiye, duk inda jini ya taru ya yi baƙi. Kada a yi rowa a nan. Kada a jefa wa kare, a haƙa rami a binne tare da hanjin da harsashi ya ratsa. Ungulu ma in ta ci tana mutuwa, ita kuwa ke share mana mushe a makiyaya. Saboda irin wannan ɓarna ce jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin darma tun 2019.

Yanzu ita bindigar kanta. A can Amurka akwai wata bindigar harbin barewa da ta yi suna, Winchester ta shekarar 1894. Tana da mariƙi a ƙarƙashi, in an ja shi ƙasa an mayar sai sabon harsashi ya hau. Shekaru da yawa, abin tsaronta shi ne a ɗaga kunama rabi, ta tsaya a wani ɗan tsagi. Amma yatsa yakan suɓuce wajen sauke kunamar, tsagin kuma yakan cinye. Daga baya masu ƙera ta suka ƙara mata wani makulli mai tare kunama. Duk da haka masu koyar da harbi a can ba su yarda a dogara da makulli ba.

To, in ta masana'anta ke nan, ina ga tamu ta maƙera? Makullinta shi ne hankalin mai ita. Kada a hau amalanke ko babur da bindiga a ɗure. Kada a shiga gida da ita a ɗure, ko a jingine ta a darni. Bakinta kullum ya dubi ƙasa, ko da ka rantse babu kome ciki. Ka yi wa sandar ɗuri alama, don ka gane in akwai ɗuri a ciki. Ɗuri kan ɗuri shi ke fasa bututu ya tafi da yatsu. Kada ka harbi motsin ciyawa sai ka ga dabbar sarai. A wannan lokaci garake suna gangarowa daga Tarka zuwa gonaki cin kara, kuma bayan kowane garke akwai yaro.

A ƙarshe, barewar ma ta yi ƙaranci. Tsofaffi sun san lokacin da take shiga har gonakin wake. Gandun dajin Gadabeji da ke arewa da Dakoro an keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma harbi a cikinsa haramun ne ga kowa. A 2018 aka kai raƙuman dawa 8 can daga Kure, bayan sun daɗe da ɓacewa a wurin. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta a Nijar. Kafin ka fita, ka je wurin ma'aikatan gandun daji na Dakoro, ka ji lokacin da aka yarda, da dabbar da aka hana, da takardar da ake nema.

In an narka darma a gidanku, yaro kuma ya shiga amai ko kasala ko jijjiga, a kai shi likita nan da nan. A faɗa wa malamin asibiti zancen darmar, kada a ɓoye, don ya san inda zai duba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.