Almarar Kunne: Dalilin Karɓuwar Labaran Raha da Al'ajabi na Fodkas

A shekarar 2012 wasu marubuta biyu 'yan Amurka, Joseph Fink da Jeffrey Cranor, suka fara sakin wani shiri a intanet mai suna Welcome to Night Vale. Shirin yana cikin rukunin da ake kira fodkas, wato shirin sauti wanda mutum kan sauke a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama. An zuba shi ne a sigar sanarwar gidan rediyon wani ƙagaggen gari da ke tsakiyar hamada. Mai gabatarwa, da muryar Cecil Baldwin, yakan karanto labaran gari cikin natsuwa: hukuma ta buɗe filin shaƙatawar karnuka, amma an hana kare shiga, an hana mutum; wani gajimare mai ƙyalli ya ratso gari yana zubo mushen dabbobi, daga bisani kuma ya zama shugaban hukumar makarantu. In an zo rahoton yanayi, sai a sa waƙa. A 2013 shirin ya hau kan gaba a jerin fodkas na iTunes a Amurka.

Wani zai ce ai wannan shirme ne, bai cancanci shiga ajin adabi ba. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Rahar irin waɗannan shirye-shirye tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ake faɗa da muryar da ake faɗarsa. Kowa ya san muryar sanarwar hukuma, mai sanyi, wadda ba ta mamakin komai. Idan aka ɗora mata abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai mai sauraro ya yi dariya, sannan ya tuna sau nawa aka karanta masa sanarwar da ta saɓa wa abin da idonsa ya gani. Zambo ke nan cikin raha. Douglas Adams ya riga ya bi wannan hanya a wasan rediyonsa na BBC a 1978, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, inda aka rushe duniya ɗungurungum domin a shimfiɗa hanya a sararin samaniya, ma'aikata kuma suka kafa hujjar cewa an daɗe da manna takardar sanarwa a wani ofishi da ɗan Adam bai taɓa zuwa ba.

Sai batun kunne. Mai shirya fim tilas ya nuna dodonsa, kuma da zarar an gan shi, rabin kwarjininsa ya tafi. Mai shirin sauti kuwa ambatonsa kawai zai yi, kowane mai sauraro ya ƙera nasa. Bahaushe bai baƙunci wannan dabara ba. Al'ada ta keɓe wa tatsuniya dare, lokacin da ido ya huta, kuma ba a taɓa samun yara biyu da suka hango Dodo iri ɗaya ba. Yaron da ya yarda Gizo ya yi mu'amala da sarki ba zai sha wahalar yarda gajimare ya riƙe muƙami ba.

Ɓangaren al'ajabin shi ne mai wuyar sha'ani. A labarin binciken laifi na gargajiya, ƙarshe yakan warware ƙulli. A nan kuwa sau da yawa amsar ita ce abin dariyar: kwamfutar Adams ta shafe shekara miliyan 7 da rabi tana lissafin ma'anar rayuwa, ta fito da 42. A nan ne kuma raunin wannan salo yake. Marubucin da ya ga babu mai tuhumarsa yakan yi ta jibga abubuwan mamaki babu ƙa'ida, har mai sauraro ya gundura. Almara ma tana da doka. Gizo zai iya zuwa ko'ina, amma kwaɗayinsa da wayonsa ba sa sauyawa, kuma da su ake bin zaren labari.

Malamin Hausa yana da abin ɗauka a nan. Wasannin Rediyon Kaduna irin su Samanja sun nuna tuntuni cewa Bahaushe na dariya da kunne. Harshen kansa ya dace da hakan, domin tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ke ɓoyewa, a baki suke bayyana: garin da ake zama da garin da ake tuƙawa rubutunsu ɗaya, furucinsu daban. Wayar hannu guda ta isa ɗalibai su naɗi sanarwar minti 5 ta wani ƙagaggen ƙauye, inda mai shela ya rikita waɗannan kalmomi biyu, dagaci kuma ya sa a auna ƙauyen da mudu.