Jahilcin Masu Raina Ruwan Gishiri Da Sukari

Abin takaici, har yau akwai masu cewa ruwan gishiri da sukari ba magani ba ne, sai allura. Wannan jahilci yana kashe yara! Kowace ƙwayar halittar hanji tana lulluɓe da siririn tantanin kitse mai ƙofofi. Gubar kwalara tana wangale ƙofar fitar gishiri, ruwa ya bi shi ya tsiyaye. Amma a 1960 Robert Crane ya bayyana wata ƙofar da ke shigar da gishiri tare da sukari, ruwa ya biyo su. Ita kam gubar ba ta lalata ta. To, ina hujjar masu raini? Wajibi ne 'yan'uwa matasa su kai wannan ilimi gida-gida kafin damina.