Sinimar Karate Da Ta Ban Tsoro: Wace Ta Dace Da Idon Yara?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram bayan shekarar 1973, ya san yadda unguwa ke komawa idan an tashi daga sinimar karate. Yara na tsalle suna shurin iska, suna kuwa irin ta Bruce Lee, iyaye kuwa na kukan an lalata musu 'ya'ya. Tun lokacin mutane da dama suka haɗa sinimar karate da ta ban tsoro suka yi musu kuɗin goro, wai duka ɓarna ce. Wannan hukunci ya cancanci a sake duba shi, don kuwa ba a taru an zama ɗaya ba.

A fara da Bruce Lee. An haife shi a San Francisco ta Amurka cikin 1940, ya rasu a Hongkong ranar 20 ga watan Yuli na 1973, yana da shekara 32. A Fist of Fury na 1972 ya fito a matsayin almajirin da ya tashi ramuwar kisan malaminsa a birnin Shanghai, zamanin da baƙi ke taka Sinawa a cikin ƙasarsu. Akwai inda aka hana shi shiga wani lambu, an kafa allo mai haɗa Sinawa da karnuka, ya daka tsalle ya farfasa allon da shuri. Mutanen da suka fita daga mulkin mallaka cikin 1960 ba su bukaci tafinta ba kafin su gane wannan magana. Shi ya sa tafi ke ɓarkewa.

Wanda ya fi wannan darasi shi ne The 36th Chamber of Shaolin, wanda Lau Kar-leung ya shirya cikin 1978. Yawancinsa horo ne. Saurayi ya shiga gidan ibada na Shaolin, ya yi ɗaukar ruwa da bokiti har damatsansa suka yi ƙarfi, ya bi ɗakunan koyo ɗaya bayan ɗaya, kana ya nemi a buɗe ɗaki na 36 domin a koya wa talakawa. Haƙuri ke nan, da biyayya ga malami, da amfanar jama'a da abin da aka sani. Ɗan kokowar da ke shirin neman takobi, tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa cikin 1975, ya san irin wannan wahala. Sai an sha wuya a kan sha daɗi.

Sinimar ban tsoro ita ma tana da gwanaye, bai kamata a hana su haƙƙinsu ba. Christopher Lee ya ba duniya tsoro da Dracula cikin 1958. George Romero ya yi Night of the Living Dead cikin 1968, ya ba baƙar fata, Duane Jones, jagoranci: mutumin ya kwana yana tsare kansa daga matattu masu yawo, da gari ya waye rayayyu suka bindige shi. Babban mutum zai fita yana tunanin halin da baƙar fata ke ciki a Amurka ta wannan zamani. Haka The Exorcist na William Friedkin, na 1973, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta, tambaya ce a kan imani da raunin ɗan Adam.

Amma yaro ɗan shekara takwas ba ya ganin tambayar, fuskar yarinyar kaɗai yake gani. A ƙasar da maganar iskoki da mayu ke cikin hirar yau da kullum, ba shi da dalilin ɗaukar abin a matsayin wasa. Zai kwana da shi, ya ƙi fita tsakar gida da dare. Yaron da ya kwaikwayi Bruce Lee zai iya targaɗe, targaɗe kuwa ana ganinsa, a ɗaure, ya warke. Firgitar da ta zauna a zuciya ba ta nuna kanta sai ta yi nisa.

Maganar kwaikwayo gaskiya ce, kuma ɗan ƙasa ya riga ya faɗe ta. Cikin 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi mutanensu. Maganin wannan shi ne babba ya zauna tare da yaro, ya nuna masa shekarun horon da ke bayan shurin, ya kuma tura mai sha'awa wajen malamin karate ko filin kokowa, inda ake koyon ladabi kafin kaye.

A da akwai ƙofa da mai sayar da tikiti, kuma sai dare ake nunawa. Yanzu waɗannan finafinai na cikin wayar hannu, aikin tsaron ƙofa ya koma kan uwa da uba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kalli na karate tare da yara, a yi musu bayani. Na ban tsoro kuwa a ajiye su sai yaro ya mallaki hankalin da zai raba wasa da gaskiya.