Jinin Ɗalibi, Kuɗin Jami'a

Akwai wata tatsuniya da masu sha'awar duk abin da ya fito daga ƙasashen Turawa suke yawan yi mana, wai a da can wasannin jami'a tarbiyya ce zalla, ɗalibi yana wasa ne don son wasa da ɗaukaka sunan makarantarsa, ba ruwan kowa da kuɗi. Mu ba mu yarda ba. Tun da Amurka suke kafa hujja da ita, to, mu bi su can.

A shekarar 1905 jaridun ƙasar sun ƙidaya samari 18, 'yan jami'a da 'yan sakandare, waɗanda suka mutu a sanadin ƙwallon Amurka, wato irin wadda ake rungumewa a ruga da ita, ƙarti su tare mutum su danne shi. Abin ya kai har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa Fadar White House. Jami'ar Columbia ta soke wasan, ba ta dawo da shi ba sai 1915. Sauran fa? Suka kafa ƙungiya a 1906, wadda ta zama NCAA a 1910, suka gyara dokoki, aka ci gaba da gashi. Ai ba yadda za a yi su saki, domin tun 1903 Harvard ta gina makeken filin wasa na kankare, Yale kuwa ta buɗe nata a 1914, mai cin mutum wajen dubu 70. Wanda ya gina irin wannan fili ba tarbiyya yake nema ba, kuɗin ƙofa yake jira.

Ga inda munafuncin yake. Jami'a ta karɓi kuɗin 'yan kallo, mai horarwa ya karɓi albashi, amma ɗalibin da ake karya wa haƙarƙari an ce masa haramun ne ya taɓa ko sisi, wai kada ya ɓata tsarkin wasa. Alhali kuwa a bayan fage tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni suna saye wa makarantunsu 'yan wasa, ana ba su aikin bogi da guzuri. Gidauniyar Carnegie ta tona wannan asiri a rahotonta na 1929, inda ta nuna mafi yawan makarantun da ta bincika suna yin haka. Rahoton ya fito ne daidai lokacin da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, kowa ya koma ta kansa.

Da doka ta tashi cin mutum, wa ta ci? Jim Thorpe, ɗan asalin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar suka ƙwace musu ita. Ɗalibi ne a makarantar Carlisle, wadda aka kafa a 1879 musamman don a raba 'ya'yan waɗannan mutane da harshensu da al'adunsu. A gasar Olamfik ta 1912 a ƙasar Suwidin ya ci lambobin zinare biyu, ya fitar da Amurka kunya. Shekara na zagayowa aka ƙwace su, saboda a 1909 da 1910 ya yi wasan besbol an biya shi 'yan daloli kaɗan. Ɗaliban wasu jami'o'i da yawa sun yi irin wannan lokacin hutu, sai dai su sun san dawan garin, sun yi da sunayen ƙarya. Shi da ya yi da sunansa na gaskiya, shi aka yi wa hukunci. Ashe laifin tudu ne, sun taka nasu sun hango nasa!

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya sake zuwa mana da labarin zamanin tsarki, mu tambaye shi: tsarkin wa? Thorpe ya rasu a 1953 cikin talauci. Ba a mayar masa da matsayinsa ba sai 1982, shekara 29 yana kabari, kuma ko a lokacin sai da aka haɗa shi da waɗanda ya kayar, aka ce tare suka ci. Sai a 2022 aka amince shi kaɗai ne zakara.